Masassarar mai roba a wuya ba ta jiran gobe

A watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 tun kafin azahar, Kawuna ya ce a kawo masa bargo. Muna zaune a tsakar gida kowa na fama da mafici, shi kuwa haƙoransa na kaɗawa har ana ji. Bai fi awa biyu da dawowa daga wankin ƙoda ba. Mako shida ke nan da muka ɗauko shi daga Tawa, bayan hawan jinin da ya daɗe yana rainawa ya cinye masa ƙoda. Tun ranar da ya iso aka saka masa roba a gefen wuya na dama, mai jela biyu, ɗaya da jan murfi ɗaya da shuɗi, an naɗe su da auduga da filasta. Kateter ake ce mata a asibiti.

Inna, matarsa, ta taɓa goshinsa ta ce, "Masassara ta, ɗana. Sauron garinga naku ba su da imani."

Ban yi gardama ba. Na tafi farmasi na sayo maganin zazzaɓin sauro da farasitamol. Zufa ta karyo masa, ya ce ya ji dama, muka yi hamdala. Washegari da la'asar sanyin ya dawo. Sai a kwana na uku da muka koma wanki, majo, babbar ma'aikaciyar jinya, ta ɓare filastar, ta ɗan danna fatar da ke kewaye da robar, mugunya ta tsatso. Ta dube ni ta ce, "Malam, tun yaushe yake rawar sanyi?" Na ce shekaranjiya. Ba ta ƙara kalma ba, ta juya ta kira likita. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Kafin a gane abin da ya same shi sai an san inda robar nan ta dosa. Da yawa suna ɗauka yayar wadda ake maƙala wa mutum a bayan hannu ce don ƙarin ruwa, girma kawai ta fi ta. Ta hannu ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, a ƙaramar jijiya take zama, ta yi ƴan kwanaki a zare. Ta wuya kuwa babbar jijiya take shiga, ta gangara cikin ƙirji, bakinta ya tsaya a ƙofar zuciya, wani lokaci ma cikin ɗakin zuciya na dama. Dole ce ta sa. Injin wankin ƙoda yana jan jini kusan mililita 300 a minti ɗaya, wato lita guda cikin minti uku da ɗoriya, kuma babu ƙaramar jijiyar da za ta ɗauki wannan. Wasu magungunan ciwon daji suna ƙona ƙananan jijiyoyi, sai an zuba su inda jini ke da yawa ya tsinka su nan take. Haka wanda hanjinsa ya daina aiki ake ciyar da shi ta jini, da wanda zai yi makonni yana karɓar allura.

A 1929 wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, ya zura roba ta jijiyar hannunsa da kansa har ta kai zuciya, ya taka da ƙafarsa ya je aka ɗauki hoton ƙirjinsa don kada a ƙaryata shi. An yi masa kallon mahaukaci, sai a 1956 aka ba shi kyautar Nobel. Abin da ya tabbatar shi ne hanya a buɗe take daga fata zuwa zuciya. Matsalar ita ce hanya ba ta tambayar wanda ya biyo ta.

Robobin iri-iri ne, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba. Akwai ta wucin gadi, irin ta Kawu, wadda ke huda fata ta faɗa jijiya kai tsaye. Ƙa'idar likitocin ƙoda ita ce kada ta wuce mako biyu a wuya, ta matsematsi kuwa ko hakan ba ta kaiwa, don wurin danshi ne, maƙwabcin mafitsara da bayan gida. Akwai wadda ake yi wa rami a ƙarƙashin fatar ƙirji, ta yi tafiyar ƴan santimita kafin ta shiga jijiya, da ɗan zobe na zare da nama ke kamawa ya toshe ramin. Wani likita mai suna Broviac ya fito da irinta a 1973, wani kuma, Hickman, ya ƙara mata girma a 1979, kuma tana iya yin watanni. Sai ɗan akwatin da ake binnewa gaba ɗaya a ƙarƙashin fata, faɗinsa kamar kwabon dala ashirin na kuɗin sefa, wanda masu ciwon daji suka fi amfani da shi. Shi ya fi su tsira daga cuta tunda fata ta rufe shi ruf. A wurinmu ta wucin gadi ce ta fi yawa, ita ce mai araha, ita ake samu cikin gaggawa, kuma ita ce ke zarce wa'adinta. Mako biyu ya zama shida, shida ya zama wata uku, ana jiran kuɗi ko ana jiran layi.

Ta ina cutar ke shiga? Fatar kowane mutum, komai wankansa, gari ce guda ta ƙwayoyin cuta, kuma muddin fatar ba ta huje ba zaman lafiya ake yi da su. Roba ta huda ta, ta kuma hana hujin warkewa. A kwanaki goman farko yawanci ta bayan robar suke bi, suna rarrafe daga bakin huji zuwa jijiya. In roba ta daɗe, ƙofar da ta fi haɗari ita ce murfi. Duk ranar wanki sai an buɗe murfi biyu, an ɗaura tiyo, an kwance, an rufe. Kowace buɗewa hannu ne ya taɓa, numfashi ne ya sauka a kai. Wani lokaci ruwan da aka ɗaura ne da kansa ya gurɓace, ko kuma cuta ta taso daga ƙurji ko mafitsara ta biyo jini ta sami roba ta zauna, amma waɗannan ba su kai biyun farko yawa ba.

A nan ne abin ya fi wuyar fahimta ga mai jinya, kuma a nan na fi son a tsaya. Duk wanda ya taɓa zura hannu cikin jarkar ruwa da ta yi kwanaki ba a wanke ba ya san santsin nan da ke manne a jikinta. Ka zubar da ruwan ka zuba sabo, santsin na nan. Irin wannan ne ke faruwa a cikin roba. Tun ranar farko jiki ke shafe ta da wani siririn mayafi na sinadaran daskarar da jini, don baƙuwa ce a wurinsa. Ƙwayoyin cuta su maƙale a mayafin, su fitar da yauƙi su lulluɓe kansu, su yi ta haihuwa a ƙarƙashinsa. Maganin da zai kashe su cikin sauƙi in suna yawo a jini ba ya ratsa yauƙin yadda ya kamata, sojojin jini ma ba su kai gare su. Suna nan kwance har ranar da aka kunna inji, ko aka tura ruwa da sirinji don wanke robar. Ƙarfin ruwan ya ɓantaro wani ɓangare na yauƙin ya watsa shi cikin jini, daidai ƙofar zuciya, zuciya ta raba wa jiki duka. Shi ya sa rawar sanyi ke zuwa ana tsakar wanki ko jim kaɗan bayansa. Sa'ar da Kawu ya nemi bargo, lokacin kaɗai ya isa ya gaya mana komai, mu ne ba mu iya karatunsa ba.

Wani abin da ke ruɗar mutane: sau da yawa jini ya kamu amma bakin hujin tas yake, babu ja, babu kumburi, babu mugunya. Mugunyar Kawu kusan sa'a ce, don ita ta tona asiri. Tsoho ma yana iya rashin yin zafin jiki sam, sai dai a ga ya rikice, yana maganar da ba ta kan hanya, ko numfashinsa ya yi sauri, ko jininsa ya faɗi a kan inji.

Ƙwayoyin da aka fi kamawa dangin stafilokok ne, ƴan fata. Akwai mai sanyin hali a cikinsu, wanda ke cin mutum a hankali. Akwai kuma wanda likitoci ke ce wa mai ruwan zinariya, shi ne mugun. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da shi a hanci ba tare da ya sani ba, kuma wannan ne dalilin da ake sa wa majinyaci takunkumi a ce ya juya fuska lokacin buɗe roba, ba wulaƙanci ba ne. Bayan su akwai Kilebsiyela da danginta na hanji, da Sudomonas mai son wuri mai laima, da Kandida wadda ita dangin yis ce, maganin bakteriya ba ya taɓa ta.

Yanzu batun zazzaɓin sauro. A ƙasar nan duk zafin jiki sunansa palu, wato zazzaɓin sauro, har sai an tabbatar da wani abu, kuma ba laifin kowa ba ne, shi muka tashi muna gani. Amma ga mai roba sai a juya lissafin: robar ce har sai likita ya wanke ta. Ko an yi gwajin nan na ɗigon jini a yatsa ya nuna akwai palu, magana ba ta ƙare ba, don a inda sauro ya yi yawa mutum na iya ɗauke da ƙwayar a jininsa ba ita ke kayar da shi ba, kuma ba abin da ya hana cuta biyu haɗuwa a jiki ɗaya.

Gwajin da ke raba gardama shi ne wanda ake ɗibar jini a zuba cikin kwalabe na musamman a kai labo, ɗakin gwaje-gwaje, a rena ƙwayoyin, emokiltir ake ce masa. Ana ɗiba ta roba, a kuma ɗiba ta jijiyar hannu a lokaci guda. In kwalbar roba ta riga ta hannu tsirowa da awa biyu ko fiye, an kama ɓarawo. Daga nan a gwada magunguna a kan ƙwayar a ga wanda ke kashe ta. Sakamako na ɗaukar kwana biyu zuwa uku, likita ba ya zaman jiransa, yana fara magani da zarar an ɗebi jinin. Amma sai an ɗiba tukuna. Kafso biyu na mai tallan magani a tire, ko ragowar antibiyotik da ke cikin kwabar gida, sun isa su hana ƙwayar tsirowa a kwalba ba tare da sun kashe ta a jiki ba, sai likita ya koma harbi cikin duhu. Na san yadda takardar magani ke tsawo, na san yadda ake zama a bakin asibiti ana zaɓen abin da za a saya da abin da za a bari. A ganina wannan gwajin ba ya cikin waɗanda ake bari.

Sai rigimar cirewa. Iyali ba sa so, kuma ina fahimtarsu: an biya kuɗinta, an sha azabar saka ta, in an cire ta ina za a yi wankin jibi? Inna sai da ta ce wa likita, "Ku ba shi magani mana, ku bar mishi abinai." Akwai lokacin da ake iya ceton roba mai rami, a haɗa allura da wani magani mai kauri da ake ɗurawa cikin robar a kulle shi har wanki na gaba. Amma in ƙwayar mai ruwan zinariya ce, ko Sudomonas, ko Kandida, ko jini ya faɗi, ko ramin ƙarƙashin fata ya yi ja yana fitar da mugunya, ko an kwana uku ana magani ƙwayar na nan a jini, to sai an cire. Ta wucin gadi ma ba a tsayawa ciniki a kanta. Dalili shi ne yauƙin nan: muddin robar na ciki, gidan ƙwayoyin na ciki.

Kuma mai ruwan zinariya ba ya zama wuri ɗaya. Yana maƙalewa a marfin ƙofofin zuciya ya cinye su, shi ya sa ake yin eko, wato hoton zuciya. Yana sauka a ƙashin baya, sai bayan makonni mutum ya fara kukan ciwon baya mai hana barci a ce sanyi ne ko tsufa. Yana shiga gwiwa, yana shiga huhu. Kandida takan kai har cikin ido. Don haka maganinsa ba ya gaza mako biyu ko a mafi sauƙin hali, in ya yaɗu kuwa mako huɗu zuwa shida, kuma wanda ya daina a kwana na biyar don zazzaɓi ya sauka ya yi wa kansa shuka. Ƙarshen hanyar shi ne jiki ya birkice gaba ɗaya, jini ya faɗi, gaɓoɓi su tsaya ɗaya bayan ɗaya. An ƙiyasta irin wannan birkicewa, daga kowane irin tushe, ta kashe mutum miliyan 11 a duniya a 2017, kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar ta shekarar.

Ba cuta kaɗai roba ke jawowa ba. Tana toshewa da gudan jini, inji ya yi ta ƙara wanki ya ƙi tafiya. Don hana hakan ake ɗura mata heparin mai ƙarfi, maganin hana jini daskarewa, bayan kowane wanki, kuma wannan ne ya sa haramun ne wani mai allura na unguwa ya ce bari ya ɗaura ƙarin ruwa ta nan tunda ga hanya a shirye: zai tura heparin ɗin cikin jiki, ya kuma buɗe ƙofar da ba a buɗewa sai da shiri. Tana gurzar bangon jijiya har ya yi tabo ya tsuke, sai hannu ya kumbura, ko a tashi da safe fuska a cike, jijiyoyi su fito raɗa-raɗa a ƙirji. Wannan tsukewa ba ƙaramar asara ba ce ga mai ciwon ƙoda, don tana iya lalata hannun da za a yi masa aikin dindindin. In murfi ya faɗi alhali ɗan matsin da ke kan jelar a buɗe yake, numfashi na iya zuƙo iska cikin jijiya: a matse robar nan take, a kwantar da shi ta gefen hagu kai ƙasa-ƙasa, a nufi asibiti. In ta zame ta fito, a danne wurin da tsumma mai tsabta a daɗe ana dannewa, kada a mayar da ita. Almakashi da reza kuwa kada su kusanci wurin.

Abin da ke ba ni haushi, yake kuma ba ni fata, shi ne yawancin wannan ana iya kauce masa da abubuwa marasa tsada. A 2006 aka wallafa sakamakon wani aiki a jihar Mishigan ta Amurka, ƙarƙashin likita Peter Pronovost, a ɗakunan kula da masu tsananin ciwo 103. Ba su kawo sabuwar na'ura ba. Wanke hannu, rufe majinyaci da mai aiki da kaya masu tsabta lokacin saka roba, goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna kiloheksidin, guje wa matsematsi, da cire duk robar da aikinta ya ƙare. Sai aka ba ma'aikatan jinya ikon tsayar da likita in ya tsallake ɗaya. Kamuwar jini ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku, ta kuma zauna a haka wata goma sha takwas. Wannan ikon tsayarwar ne ya fi tsaya mini a rai, don a wurinmu kunya da girmamawa kan hana ƙarami gaya wa babba bai wanke hannu ba, balle mai jinya ya gaya wa ma'aikaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022, cikin kowane majinyaci 100 da ke kwance a asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, 15 na kamuwa da wata cuta a asibitin, a ƙasashe masu arziki kuwa 7.

Sai namu na gida, wanda Mishigan ba ta sani ba. Ƙa'ida ta ce naɗin auduga a canza shi duk kwana biyu, na leda mai gani-har-hanji duk mako, kuma nan take in ya jiƙe ko ya ɓare. A zafin Afrilu da Mayu zufa kaɗai na ɗaga filasta kafin ta kwana, da hunturu kuma ƙura ce. Rawanin mutumin Adar, yankin su Kawu, yana gogar wuya daidai wurin. Masu zuwa gaisuwa suna son yin tofi, niyyarsu alheri ce, amma a roƙe su su yi nesa da robar, don yawu ba ya rasa ƙwayoyi. Man shanu da man zafi da garin magani ba su da wuri a nan. Babbar matsalar ita ce wanka. Mu da bokiti da moɗa muke yi, daga ka ake kwararowa. Mai roba daga ƙirji zuwa ƙasa zai zuba, sama kuma a goge da tsumma mai laima ana kewaye naɗin. Sai bayan an kwantar da Kawu Inna ta faɗa mini cewa Juma'ar da ta gabata ya ce shi ba zai je masallaci da wankan rabi ba, ya sheƙa ruwa tun daga ka, ya shanya filastar da mafici. Da ya tambayi malami, da an gaya masa fiƙihun Malikiyya da muke bi ya yi sauƙi ga mara lafiyar da ruwa zai ƙara wa ciwo, akwai shafa a kan ɗauri, akwai taimama.

An cire robar a ranar, aka saka wata a ɗaya gefen bayan zazzaɓi ya lafa. Labo ta ce mai ruwan zinariya ne. Eko ya nuna zuciya lafiya lau, amma sai da ya yi mako huɗu yana karɓar allura a ƙarshen kowane wanki.

Mafitar mai wankin ƙoda daga duk wannan ita ce fistil, aikin da likitoci Brescia da Cimino suka bayyana a Niyok a 1966: a haɗa jijiyar da ke kawo jini da wadda ke mayar da shi a wuyan hannu, ta kumbura ta yi ƙarfi har ta iya ɗaukar allurar inji. Babu roba, fata a rufe, kamuwar jini ƙasa sosai. Sai dai tana son mako shida zuwa ƴan watanni kafin ta nuna, don haka kamata ya yi a yi ta tun kafin ƙoda ta gama tsayawa. Mutanenmu kuwa sai jiki ya kumbura numfashi ya gagara ake ɗauko su, a yi fiye da kilomita 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, a iso babu zaɓi sai roba. Duk wanda aka gaya wa ƙodarsa ta fara rauni, tun ranar ya fara tsare hannun da ba ya aiki da shi: kada a yi ta huda jijiyoyinsa da allura da ƙarin ruwa, ana ajiye su ne don wannan rana.

An yi wa Kawu tasa a hannun hagu. In ka ɗora yatsa a wurin sai ka ji tana zirr kamar wayar da aka kira an kashe mata ƙara, kuma kowace asuba sai ya taɓa ya tabbatar tana nan kafin ya yi alwala. Agogonsa ya koma hannun dama. Da aka zare roba ta biyu hujin ya warke, Inna ta cika babban bokiti ta kai masa bayan ɗaki, muna daga tsakar gida muna jin saukar ruwa tun daga ka, moɗa bayan moɗa, har ya ƙwala kira a ƙaro masa wani.